Katin Bashi: Wa Yake Yi Wa Rana, Wa Yake Ci?

Jawabin da tsohuwar Ma'ajin ƙungiya ta gabatar a wajen bikin cikarmu shekara 15

Hajiya Shugaba, iyayenmu da ke zaune a gaba, 'yan kwamiti, 'yan'uwana mata, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka fara wannan tafiya da su ba su kawo yau ba.

Da Hajiya Shugaba ta kira ni ta ce in yi magana yau, na ce mata a kan me? Ta ce a kan abin da mata suka ishe ki da tambaya. Na yi dariya, don na san inda ta dosa. Daga watan azumi zuwa yau, mutum biyar a cikinku sun same ni har gida, kowacce da waya a hannu, tana nuna min saƙon da banki ya turo mata cewa ta cancanci katin bashi. Akasarinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, masu albashi. Tambayar ɗaya ce: Anti, in karɓa? Wata ta ƙara da cewa an gaya mata in dai mutum ya iya riƙe shi, alheri ne zalla. Na yi shekara 26 ina aikin banki kafin in yi ritaya, kuma ni kaina na riƙe irin wannan kati, na sha daɗinsa, na kuma sha wuyarsa. Shi ya sa na ce gara in amsa wa kowa a zama ɗaya.

Mu fara rarrabe katunan, domin nan ruɗanin yake farawa. Katin da ke cikin jakar yawancinmu, wanda muke miƙa wa mai POS a bakin layi, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, katin cire kuɗi ne. Kuɗinki yake taɓawa. In asusu ya bushe, kati ya tsaya, sai ki haƙura ki koma gida. Katin bashi kuwa a ido kamanninsu ɗaya, amma abin da ke bayansa kuɗin banki ne. Za a yanka miki iyaka, a ce naira 300,000, ki yi ta sayayya har ki kai wannan iyaka. Ƙarshen wata a aiko miki da lissafi, a ba ki 'yan makonni ki biya. In kin biya duka kafin ranar da aka sa, babu kuɗin ruwa a kan sayayyar. In kin bar wani abu a baya, ko kaɗan ne, ruwa ya fara hawa. Duk abin da za mu tattauna yau a kan wannan rana guda yake rataye.

Abin ba daga nan ya faro ba, daga Amurka ne. A 1950 wani ɗan kasuwa mai suna Frank McNamara ya fito da katin Diners Club a birnin New York, don masu hali su ci abinci a gidajen cin abinci su biya a ƙarshen wata. A 1958 Bank of America ya yi wani abu da in ka ji za ka riƙe baki: ya aika wa mutanen garin Fresno da ke jihar Kalifoniya katuna kusan 60,000 ta gidan waya, ba wanda ya nema, ba a tambayi kowa ba. Kawai mutum ya buɗe ambulan ya ga an ba shi bashi. Da tsarin ya bazu, sama da kashi 20 cikin 100 na asusun suka kasa biya a kan lokaci, banki ya tafka asara. Amma bai janye ba, ya gyara ya ci gaba, kuma wannan kati shi ne ya zama Visa a 1976. Ingila ta samu nata, Barclaycard, a 1966.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya shafe mu mata kai tsaye. A Amurkar nan da muke jin labari, kafin 1974 banki yana iya hana mace kati sai mijinta ko wani namiji ya sa mata hannu, ko da ita ce mai albashi. Sai a wannan shekara aka yi dokar da ta hana nuna bambanci wajen ba da bashi saboda jinsi ko aure. Ingila ta bi baya da tata dokar a 1975. Da na karanta wannan sai na tuna kakata, Allah Ya jiƙanta, wadda tun kafin a haife ni take uwar adashe a unguwarsu, tana riƙe kuɗin mata fiye da ashirin a ƙwarya, ba sa hannun kowa. Don haka ban raina wadda ta ji daɗi ranar da banki ya ce ta cancanta ba. A yarda da ke a ba ki bashi da sunanki abu ne mai daraja.

Kuma yana da amfani, ba zan ɓoye muku ba. 'Yata ta biyu tana aikin jinya a Ingila. Da ta isa can, ba ta da bashin kowa, tana ganin wannan abin alfahari ne. Sai ta tarar a can wanda bai taɓa cin bashi ya biya ba, ba a san shi ba. Suna da kamfanoni masu ajiye tarihin kowa: me ya ci, yaushe ya biya. Da wannan tarihi ake duba ki in za ki sayi waya a biya wata-wata, da shi ake duba ki ranar da za ki nemi rancen sayen gida. Sai ta karɓi kati mai ƙaramar iyaka, take sayen man mota da cefane da shi, abin da ko babu kati za ta saya. Ta ba bankinta umarni duk wata a kwashe abin da ta ci gaba ɗaya daga albashinta. Shekara huɗu ke nan, ba ta taɓa biyan ko sisin kwabo na ruwa ba. Sannan suna da doka tun 1974 da ta ce in kin sayi abu da katin bashi wanda kuɗinsa ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000, mai kaya ya yaudare ki ko kamfanin ya rushe, to mai katin ma yana da alhakin mayar miki da kuɗinki. Ga kuma wani abu: in ɓarawo ya yi amfani da katin cire kuɗi, kuɗin cefanenki ne ya tafi kina ta zaryar banki. In katin bashi ne, kuɗin banki ne ya fita tukuna, ke kuma ki kai ƙorafi kafin ranar biya.

To kun ga masu cewa yana da amfani in an riƙe shi da kyau ba ƙarya suka yi ba. Amma ku lura da wadda ya yi wa amfani. Mai albashi tsayayye ce, wadda kuɗin da za ta biya yana hannunta tun kafin ta saya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Katin bai ƙara mata ko anini ba, hanya kawai ya canja wa kuɗinta. Wadda take buƙatar bashin da gaske, wadda kuɗin makaranta ya taso mata ba ta da shi, ita ce ba za ta iya biya duka a ƙarshen wata ba, kuma daga wajenta banki yake samun abincinsa.

Bari mu yi lissafi tare, masu biro su rubuta. A takardar lissafin da ake aiko miki akwai lamba biyu: jimillar abin da ake bin ki, da mafi ƙarancin abin da za ki iya biya wannan wata. Ta biyun ƙarama ce, mai sanyaya rai. Mu ɗauka misali kin ci naira 200,000, kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 a wata. Kashi 3 kamar ba komai ba, ko? Naira 6,000 ce a watan farko. In kina biyan 10,000 duk wata, 4,000 kacal ta taɓa uwar kuɗin, sauran ta tafi ruwa. A haka, ko ba ki sake sayen ko ashana da katin ba, sai kin yi wata 31 kina biya, shekara biyu da rabi da ɗoriya. Jimillar abin da za ki zuba kusan 310,000. Wato kin sayi kayan 200,000, kin ɗora wa banki 110,000. Kashi 3 a wata kuma, in aka bar shi yana hawa kan kansa, ya haura kashi 42 a shekara. Wacce sana'a ce a cikinmu take ba da wannan riba bayan an cire kuɗin mota da na haya da na wuta?

Kada ku ce wannan ai ganganci ne, mai hankali ba za ta yi ba. Ni na yi, kuma ina ma'aikaciyar banki, ina koya wa wasu lissafi. Shekarar da muka aurar da babbar 'yata, na riga na tanadi kuɗin gado da kujeru daga zubina na nan ƙungiya. Saura sati uku biki, sai aka fara: labule bai dace da kujeru ba, kayan kicin sun yi kaɗan, gara kuma kada dangin miji su raina mu. Kati yana jaka. Ban ji zafin komai ba, wallahi, miƙawa kawai nake yi ana gogawa. Na ce wa kaina kuɗin hutu na shekara yana zuwa, da shi zan share. Kuɗin hutu ya zo daidai lokacin da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti. Wata na farko na biya ƙaramar lambar nan, na ce wata mai zuwa. Wata mai zuwa kuɗin makarantar ƙannen amarya. A taƙaice dai, 'yata ta haihu, an yi suna, an yaye yaron, ina biyan kuɗin labulen ɗakinta. Maigidana bai sani ba sai a shekara ta biyu, kuma ɓoyewar ta fi bashin ci min rai. Yana nan zaune a baya yana murmushi, Alhaji na gode da haƙurin da ka yi.

Wannan rashin jin zafi da na ambata ba ni kaɗai ba ce. Wasu malamai biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Prelec da Simester, sun wallafa wani gwaji a 2001. Sun sa ɗalibai su yi tayin tikitin kallon wasan ƙwallon kwando, wasu aka ce da tsabar kuɗi za su biya, wasu da kati. Masu kati suka taya kusan ninki biyu. Mu ma mun san haka ba sai an gaya mana ba. Ranar da kika ƙirga 'yan dubu-dubu a Kwari kina miƙawa, sai kin nemi ragi har mai kanti ya gaji da ke. Ranar da transfa ce, ko tayi ba kya tsayawa yi sosai. To ina ga kuɗin da ba ma naki ba ne? A Amurka, inda aka fi kowa sanin kan katin, bashin da ake bin mutane a kansa ya haura dala tiriliyan 1 a 2023, kuɗin ruwansa kuma ya kai sama da kashi 20 cikin 100 a shekara. Sai da majalisarsu ta yi doka a 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta wa mutum a takardarsa shekara nawa zai yi yana biya in ya tsaya a kan ƙaramar lamba. Duk waɗannan mutane ranar da suka karɓi kati niyyarsu su biya duka ce.

Ga 'yan kasuwarmu kuma, masu atamfa da masu kayan miya da masu ƙuli da man gyaɗa, maganata da ku ta fi ƙarfi. Na ji wata tana cewa za ta yi sari da katin, ta sayar, ta biya kafin ruwa ya hau. A takarda dabara ce mai kyau. Amma kati ranarsa ɗaya ce, ba ya sanin an yi ruwa kasuwa ba ta ci ba, ba ya sanin wadda ta ɗauki turmi uku ta ce sai mijinta ya karɓi albashi. Mu da rabin cinikinmu bashi ne, ba mu da ikon cewa ranar 25 ga wata kuɗi zai shigo. Sannan yawancin masu sari a wajenmu tsabar kuɗi ko transfa suke so. In kika cire tsabar kuɗi da katin bashi, babu wannan rangwamen kwanaki, ruwa yana farawa daga ranar da kika cire, ga kuɗin cirewa a kai. Mutane da yawa ba sa sanin wannan sai takarda ta zo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ina roƙon uwayen adashe su buɗe kunne. Zamanin da mutum zai ci bashi a wannan banki ya gudu wancan ya wuce. Tun 2014 muke da BVN, lamba ɗaya da ta ɗaure duk asusunki. Akwai kamfanonin ajiye tarihin bashi a ƙasar nan, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma an yi musu doka a 2017. Daga 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI: a cikin takardun da kike sa wa hannu lokacin karɓar rance akwai izinin cewa in kin kasa biya, a ɗebo daga duk wani asusu naki a kowane banki. Kwamfuta ba ta san cewa naira 400,000 da ke asusunki zubin mata goma ba ne. Sunanki ta gani. Na san a cikinmu akwai masu tara kuɗin adashen unguwa a asusunsu na kansu. In kina cikinsu, kada ki haɗa wannan amana da kowane irin bashin banki. Ki yi tunanin ranar kwasa, mata sun taru a tsakar gidanki, ki ce musu banki ya kwashe.

Haka nan maganar ba da aron kati. Maigida zai ce ba ni in sha mai, ɗa zai ce Mama zan biya kuɗin jarrabawa ta intanet. Ba na hana taimako a cikin gida. Amma ki sani duk abin da aka goga, ke ake bi, sunanki ne zai ɓaci.

Ba zan tsallake maganar addini ba, ko da yake ni ba malama ba ce, ga malamanmu nan za su gyara min. Da yawa suna cewa ai in ina biya kafin ruwa ya hau, ban ci riba ba, ban ba da ita ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a shekarar 2000 a kan wannan mas'ala, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai shi yana da niyyar biya a cikin kwanakin rangwame, domin ya riga ya sa hannu a kan sharaɗin. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya babu katin, irin inda 'yata take, da sharaɗin ba za su taɓa jinkirta biya ba. Mu a nan ba mu cikin wannan matsi. Muna kuma da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021. Su tsarinsu su sayi kayan su sayar miki da ribar da aka faɗa tun farko, ba ta ƙaruwa don kin makara. Amma kada a ji sunan Musulunci a ɗauka kyauta ce. Bashi ne shi ma, kuma a tambayi jimillar abin da za a biya kafin a sa hannu. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin ƙungiyar nan, na san ku ma ana yi muku gargaɗin bashi a coci, lissafin da muka yi ɗazu kuwa bai san addinin kowa ba.

Manhajojin bashi na waya ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Sun fi kati muni nesa ba kusa ba. Kun ga yadda wasunsu suke aika wa duk lambar da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, har hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai wa wasu samame a 2022. A goge su.

Wata za ta ce, to Anti, in rashin lafiya ta taso da tsakar dare fa? Wannan ita ce tambaya ta gaskiya, kuma a nan katin ya fi mu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kati ba ya barci, ba ya cewa a jira zaman kwamiti, ba ya kai labarinki gidan suna. Mu kuwa a nan, mu faɗi gaskiya tunda bikinmu ne, mace takan nemi rance a yi sati biyu ana neman masu tsaya mata, kafin kuɗi ya fito rabin unguwa sun san matsalarta. Uku daga cikin biyar ɗin da suka zo gidana ba kwaɗayi ya kai su ga katin ba, sirri suke nema da sauri. Abin da muke da shi wanda kati ba shi da shi kuma shi ne akwai mai ce miki a'a. Da a ce kuɗin labulen nan wajen kwamiti na zo nema, na tabbata Hajiya Shugaba za ta kalle ni ta ce, ke, wanda kika saya ya isa. Da na ji haushi kwana biyu, da na huta shekara biyu.

Saboda haka amsata ga masu tambaya ita ce: in kina da albashi tsayayye, kina da ajiyar da ta kai iyakar katin a gefe, kina da dalili na zahiri kamar tafiya waje ko biyan wani abu da ba a karɓar wani kati, kuma kin warware maganar sharaɗin ruwa da malaminki, to ki karɓa da ƙaramar iyaka, ki sa a riƙa cire duka kai tsaye daga albashi. Ki tambayi kuɗin ruwa na shekara, ba na wata ba, da kuɗin riƙe kati, da tarar makara, a rubuta miki. In ɗaya daga cikin waɗannan babu, ki bar musu abinsu. A cikin biyar ɗin nan mutum ɗaya na ce wa ta karɓa.

Ina da roƙo ga sabon kwamiti. A ware wani kaso daga ribar bana a buɗe asusun gaggawa, na asibiti da haihuwa da rasuwa kawai, wanda mutum biyu za su iya amincewa da shi ta waya cikin awa 24, ba tare da an karanta sunan mai nema a taro ba. Na rubuta yadda nake ganin za a tsara shi, na miƙa wa Sakatariya, a duba a zama na gaba. Waɗanda kuma suka riga suka karɓi kati suna biyan ƙaramar lamba, ina gida duk ranar Asabar bayan la'asar. Ki zo da takardar lissafinki ta wata uku, mu zauna mu biyu mu ga ta inda za a fita, ba wanda zai ji.